Filafilin da Kawu Bai Riƙe Ba

A garinmu, wanda ke tsakanin Lolo da iyakar Faranshi, ba a kokawa sai an kai shinkafa rumbu. Lokacin nan ne kuma gulbi yake nuna rashin kunyarsa. Ko'ina damina ta ɗauke, ciyawa ta bushe, shi kuwa sai ya sake cika da wani ruwa mai sanyi da ke gangarowa daga ƙasashen sama, wanda masunta ke kira baƙin ruwa. Ba ya ruri, ba ya kumfa. Shiru yake tafiya, kamar mai zuwa kai ƙara. Na soma da gulbi ne don shi ne babba a labarin nan, ko da yake ba a gayyace shi zaman da aka yi doka ba.

Ranar kokawa mutane kan zo daga Kaoje, daga Geza, daga Bagudo, har daga ƙauyukan da aka ce mana wai sun zama na Faranshi, alhali mutanen cikinsu ba su ji komai ya sauya a jikinsu ba. Wasu a kan jaki, wasu a kan doki, mafi yawa a kwalekwale. Duk abin da mutum ya hau, wuri ɗaya zai bar shi: wani fili a bakin ruwa, ƙarƙashin tsamiyoyi, bayan fagen kokawa. Turke muke ce masa. Da yaran yanzu ne da sun ce tashar mota, sai dai mu motocinmu suna harbi, suna cizo.

Mai kula da wurin kawuna ne, ƙanen mahaifiyata. Sarkin Turke ake kiransa, sarauta ce wadda ba rawani, ba kakaki, sai kashin jaki. Gajere ne, masifaffe, mai sahun gaba a masallaci. Bai taɓa sa giya a bakinsa ba. Amma duk giyar da aka sha a garinmu ranar kokawa, a gaban idonsa aka sha ta.

Ga yadda abin yake. Mu masunta Musulmi ne. Maƙwabtanmu Kyangawa na tudu kuwa, da yawansu a wancan zamani ba su kama salla ba, kuma su ne ƙarfin kokawa. In ba su zo ba, fage wasan yara ne. Matansu kan dafa burukutu su jera tuluna a inuwar tsamiya. Tun kafin a haife ni magabata suka yanke cewa tulu ba ya shiga gari, ba ya matsowa fage. Wurinsa turke, tsakanin jakuna, don kowa ya zauna da wanda ya fi fahimtarsa.

Sauran dokar ta kawu ce, ya gaje ta wurin ubansa. Kafin mace ta miƙa wa mutum ƙoƙon farko, sai ya nuna mata hannunsa wayam. Wuƙarsa, linzamin dokinsa, filafilin jirginsa, duk sun tafi wurin kawu. Shi kuwa ya jingina su jikin tsamiya, ya zauna a gindinsu kamar kaza a kan ƙwai. In mutum ya ce zai koma gida, akwai wani kututturen giginya da ya daɗe a kwance a wurin. Sai a cika ƙoƙo da ruwa a ba shi, ya hau, ya taka daga gindi har kai. In ya isa da ruwansa, ga filafilinka, a gaida gida. In ya zubar ko ya faɗo, ya kwana da jakuna. Na sha ganin manyan mutane, masu mata da jikoki, suna rantsuwa da kakanninsu cewa giginyar ce take motsi.

Malaman gari ba su taɓa son wannan aiki na kawu ba. Sukan tare shi bayan sallar Juma'a su ce Musulmi ba ya gadin tulu. Shi kuwa amsa ɗaya gare shi, har mun hardace ta.

“Ni ba tulu nika tsaro ba. Gulbi nika tsaro.”

Akwai mutum ɗaya da wannan doka ta kawu take riƙe da ransa a zahiri, kowa kuma ya sani. Wani Bakyange ne, sa'ana, abokin karawata tun muna ɗaura warki a karkace. Tsakaninmu da su akwai wasa irin na taubasai, don haka ni ɗan kifi yake kirana, ni kuma ina ce masa ɗan tulu. Na kayar da shi sau da yawa, amma duk a mafarki ne. Manomi ne, ƙato, mai dariya kamar ana juye dawa a rumbu. In baƙin ruwa ya zo fadama takan raba ƙauyensu da mu, shi ya sa ya mallaki wani ɗan kwalekwale da ya yi masa kaɗan. Iyonsa irin na dutsen niƙa ne. Ido biyu ya san haka, yakan zauna daram a tsakiyar jirgi yana tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai. Amma in ƙoƙo ya ratsa shi, sai ya tuna cewa shi ne Sarkin Ruwa, dole a tsaye zai tuƙa. Ga wata cuta kuma ta biyu, wadda duk 'yan kokawa muke da ita amma tasa ta fi tsanani: in aka kaɗa takensa, ko a kabari yake sai ya motsa. Kowace shekara a turke yake kwana. Kowace shekara kuma matarsa takan aiko wa kawu da ƙwaryar gyaɗa, ba ta faɗin dalili, shi ma ba ya tambaya.

Abin ya lalace ne ta kan doki.

A shekarun nan Nasara ba su daɗe da cin ƙasa ba, muna dai koyon halinsu suna koyon namu, kowa yana faɗuwa jarrabawa. Wani Bature mai rangadi ya yada zango kusa da mu, ya ji kiɗa, ya ce zai ga kokawa. Aka kai shi fage aka shimfiɗa masa kujera, dokinsa kuma aka kawo turke. Wani tsohon Bakyange da ya riga ya yi nisa ya ji ana cewa Zaki, wato Baturen, ya iso, kowa ya je ya yi gaisuwa. Tsoho ya duba, ya ga halitta mafi ƙiba da sheƙi a wurin, ya je gabanta ya faɗi ya zuba ƙasa a ka. Da yake ba a zuwa gaban manya hannu biyu, sai ya jawo masakin dusar burukutu ya ajiye mata. Kawu yana can wurin giginya yana musu da wani. Doki kuwa bai yi girman kai ba, ya karɓi gaisuwa har ya lashe masaki.

A hanyar komawa zango dokin ya isa tsakiyar fadama ya zauna, da Bature a kansa. Wasu sun ce har waƙa ya yi. Wannan ƙarya ce, ni ba na rubuta abin da ban tabbatar ba. Zama dai ya zauna.

Muka yi dariya har aka yi shuka. Da kaka ta kewayo sai mai shela ya fito da maganar da tafinta ya kawo wa hakimi: daga bana, ranar kokawa, ba tulu a turke, ba sha, duk inda kiɗan fage ya kai a ƙasar Ingilishi. Tulun da aka gani a fasa, mai shi kuma ya sha bulala. Malamai suka yi hamdala. Ranar farko ke nan da na ga bakinsu da na Nasara ya zo ɗaya, ya kamata tun a nan mu sha jinin jikinmu.

Kawu ya sa rigarsa ta Juma'a ya ce in raka shi fada. Hakiminmu ba mugun mutum ba ne, kada a ce na ce. Mutum ne da aka sa tsakanin guduma da uwar maƙera. Kawu ya faɗi ya yi gaisuwa.

“Ranka shi daɗe, in anka hana su nan, ba bari za su yi ba. Wuri za su sakewa.”

“To, su sake,” in ji hakimi. “In dai ba cikin ƙasata ba.”

“Ƙasarka ta ƙare ga dutsen Nasara, ranka shi daɗe. Gulbi bai san ta ƙare ba.”

Wani bafade mai baki kamar reza ya yi caraf. “Kai, Sarkin Turke! Da gemunka, da furfurarka, giya kaka roƙa ma arziki gaban sarki? Ko kai ma kana ɗan taɓawa in ido ya kau?”

Fada ta ɗauki dariya. Kawu ya buɗe baki zai kawo amsarsa ta kullum, ta tulu da gulbi, amma hakimi ya riga ya juya ga wata magana. Muka taso. A hanya sai tsaki yake ta yi.

Dutsen da kawu ya ambata wani tarin duwatsu ne da Turawan ƙasashen biyu suka shafa wa farar ƙasa, suka ce daga nan Ingilishi, daga can Faranshi. Bayansa kaɗan akwai wani tudun yashi a tsakiyar ruwa, ba itace, ba inuwa, ba wanda ya taɓa damuwa da shi sai tsuntsaye. Kafin ka isa sai ka ƙetare wani reshen gulbi mai zurfi, daidai inda yake komawa cikin uwarsa. Matan Kyangawa ba su yi karatun taswira ba, amma kafin mai shela ya huta sun riga sun san inda tulunansu za su zauna.

Ranar kokawa ta zo. Turke ya yi tsaf, ba wari, ba waƙa, jakuna suna ta dube-dube kamar an yi musu rasuwa. Dogarai suna kai da kawo da bulala a kafaɗa. Hakimi ya zauna a fage, kusa da shi manzon Bature, wanda aka aiko ya ga ko doka ta zauna. Da hantsi aka soma, kamar yadda aka saba, don baƙi su koma da rana.

Ba zan ja labarin karawarmu ba, domin ita ma ba ta ja ba. Na shiga da layuna har gwiwar hannu, na yi kirari mai kyau, wanda har yau wasu ke tunawa. Daga nan sai na ga sararin sama. Ɗan tulu ya sunkuyo kaina yana haki yana dariya.

“Tashi, ɗan kifi. Ƙasa ta, ba gulbi ba. Ba a iyo cikinta.”

“Warin giyar bara yak kada ni,” na ce, “ba ƙarfinka ba.”

“To, jira ta bana. Sai an ɗauke ka da makara.”

Ya ɗaga ni da hannu ɗaya ya kakkaɓe mini baya. Kafin azahar ya gama da na Geza, ya gama da na Kaoje, ba wanda ya rage. Shi ne gwanin shekara. Ragon gwani kuwa ba a ba da shi sai bayan la'asar, in an gama wasan ƙanana. Al'adar ita ce makaɗa su kama taken gwani, ba su saki sai ya shigo fage ya karɓa.

Ina zaune wurin kawu ina jinyar ƙuguna sai ga shi ya taho da filafili a kafaɗa, jiki duk ƙasa. Ƙafarsa ce ta kawo shi, don ta saba. Ya miƙa wa kawu da hannu biyu.

“Kawu, ga amanarka.”

Kawu ya karɓa. Sai dukansu suka tsaya, suna kallon juna. Ɗan tulu ne ya fara fashewa da dariya.

“Af! To in na ba ka, da mi za ni ƙetarewa?”

“Kak ka ƙetare,” in ji kawu.

“Yau? Ranar da nak kada duniya? Haba, kawu.”

“Bari a ba ka ragonka tukuna.”

“Ƙoƙo guda. In jiƙa maƙoshi in komo.”

“Ƙoƙo guda bai taɓa tahiya shi ɗai ba, ɗana. Da danginai shika yawo.”

Ɗan tulu ya kama bakin filafili yana ja a hankali, cikin wasa. Da ya so, da kawu da filafilin zai ɗauka ya saɓa. Amma bai taɓa ƙwace abu a hannun tsohon nan ba, ko a buge, balle ido biyu. Ina jin da an bar su haka, da kunya ta zaunar da shi. Sai ga dogari.

“Sarkin Turke, wanga ya sha?”

“Bai sha ba.”

“To don mi kar riƙe kayan mutum? Doka ta ce ba sha nan. In ba sha, ba riƙo. In manzon Bature yag ga ana tara filafilai, cewa za shi yi ana sha a ɓoye, mu a ci mutuncinmu. Saki.”

Maganarsa ba ta da ɓaraka, shi ne abin haushin. A da, sai ka ba da filafili sannan ka kai ga tulu. Yanzu ba ka kaiwa ga tulu sai da filafili. Na ga yatsun kawu suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Ɗan tulu ya saɓa abinsa, ya waiwayo ya ɗaga mini gira.

“Ɗan kifi, in zo maka da tsaraba?”

“Zo da hankalinka, in ka same shi can.”

Muka ga ya shiga jirginsa, ya zauna daram a tsakiya, yana tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai.

Kawu ya yi sallar azahar ba tare da ya daɗe a sujada ba, abin da ban saba gani ba. Yana sallamewa ya ce in kawo jirginmu. Na tuƙa shi muka wuce dutsen Nasara. Ban ji komai ya sauya a ruwan ba, sanyinsa ɗaya.

Abin da muka tarar a tudun yashi ba shi ne abin da na sani a turke ba. Mutanen dai su ne, tulunan su ne. Amma ba inuwa, rana tana dukan ka, giya tana hawa da sauri. Wuƙaƙe suna ƙugun masu su. Jirage suna jere a bakin yashi, kowanne da filafilinsa kwance a ciki, kamar doki da sirdi. Kawu bai yi sallama ba, ya kama bin jirage yana tsincewa. Ba wanda ya hana shi. Wasu ma da kansu suka taso suna tangaɗi suka miƙa masa, wata mai tulu ta yi guɗa. Na ce a raina, to, sarauta ta ƙetaro.

Ashe akwai ɗan sandan Faranshi a wurin, wani Bazabarme mai jar hula, zaune da bindiga a cinya da ƙoƙo a hannu. An aiko shi ne ya ga abin da ya tara mutane a ƙasarsu, ya kuwa gani har ya ɗanɗana. Ya taso ya tambayi ko wane ne wannan. Aka ce Sarkin Turke ne.

“Sarkin ina? Wa yab ba shi sarauta ga ƙasar Faranshi?”

“Ba sarauta niz zo yi ba,” in ji kawu. “Itace nika ajiyewa.”

“Sarautar Ingilishi ba ta ƙetare dutse. Aje, tsoho, ko in ɗaure ka, kai da wanga ƙato naka, ku tahi fasa dutsen hanya.”

Mun san ba wasa yake ba. Waɗanda Faranshi suka ɗauka aikin hanya, ba duka ke dawowa ba. Kawu ya zubar da filafilai a yashi. Ɗan tulu ya taso ya rako mu bakin ruwa. Idonsa ya riga ya yi ja, ƙoƙo guda ya kira danginsa. Kawu ya kama shi a wuyan hannu.

“Ka kwana nan. Ka ji? Ni za ni amsar maka rago, kamar kullum.”

“Na ji, kawu.”

“Rantse.”

“Na rantse da kakana. Ba ni tashi sai ido ya washe.” Ya dube ni. “Kai kuma kak ka cinye man rago. Na san ku, kifi ya ishe ku.”

Na yarda ya yi niyyar cikawa. Mutum ne da bai taɓa karya rantsuwa ba. Sai dai da kunnensa ba a yi rantsuwar ba.

A shekarun baya, in aka kama taken gwani kuma gwani yana turke a kwance, abokansa kan danne shi su zauna a kansa. Kawu ya shiga fage ya ce, “Gwaninku na cikin jakuna.” A yi dariya, a miƙa masa igiyar rago, kiɗa ya tsaya. Muna sauka kawu ya nufi shugaban makaɗa kai tsaye.

“Don Allah kak ku kaɗa takenai yau.”

“Haba, Sarkin Turke. A ba da rago ba take? Sarki na zaune, baƙo na zaune. Ka shiga ka amsa, mu aje.”

Bayan la'asar ganguna suka kama. Kawu ya kutsa zai shiga fage, sai bafaden nan ya tare shi da ƙirji.

“Ina za ka?”

“Amsar rago.”

“Ka ce mi? Ka ce gwanin ƙasar Ingilishi na can shina shan giyar Faranshi? Gaban manzon Bature? Kana son a tuɓe sarki?” Ya ɗaga hannu ga makaɗa. “Ku ƙara wuta! Shina nan tahe.”

Suka ƙara. Doka ta ce duk inda kiɗan fage ya kai. Wanda ya yi ta bai san yadda ruwa yake ɗaukar kiɗa ba. A tudu ganga takan gaji. A kan gulbi kuwa, da yamma, tafiya take kamar an shimfiɗa mata tabarma, ba ta san dutsen kowa ba.

Ni da kawu muka ruga bakin ruwa. Ba mu daɗe ba muka hango shi. Wasu sun biyo shi har cikin ruwa suna riƙo, amma su ma ƙafafunsu ba nasu ba ne, ya watsar da su kamar yadda ya watsar da mu da safe. Ya turo jirgi ya hau. A tsaye.

Kawu ya yi wa masunta ihu, muka tura jirage. Ina gaba. Ina jin muryarsa tana tahowa a kan ruwa, yana kirari, yana amsa ganga. Ina ta yi masa alama da hannu ya zauna, shi kuwa ya ɗauka gaisuwa ce. Ya iso inda reshe yake komawa cikin uwar gulbi, daidai lokacin da makaɗa suka zo gaɓar da gwani yake ɗaga hannu sama. Ya ɗaga filafili da hannu biyu.

Ba wani babban abu aka gani ba. Jirgin ne kawai ya zame daga ƙarƙashinsa, kamar an janye tabarma. Ya fito sau ɗaya, bakinsa a buɗe. Na faɗa, wasu ma suka faɗa. Mu da aka haifa a ruwan nan, sanyinsa ya ɗaure mana ƙirji, ƙasa kuma duhu, hannu ba ya kama komai. Duk lokacin da na ɗago in sha iska sai in ji takensa yana tashi, domin tsamiyoyi sun kare makaɗa, ba su ga abin da ya faru ba. Sun daɗe suna kiransa.

Filafilin ne ya zo hannuna. Shi kuwa sai bayan kwanaki masuntan ƙasa, wajen su Bagudo, suka aiko cewa sun same shi a cikin ciyawar burgu.

A fada aka ce, kun ga abin da giya take yi. A masallaci ma haka aka ce. Manzon Bature ya koma ya ba da labari cewa doka ta zauna, ba a ga tulu ko ɗaya a turke ba, wanda ya mutu kuma a ruwan da ba a tantance na wa ba ne ya mutu. Na zauna na auna maganganun nan shekara da shekaru, da ɗan ilimin da na tsinta da girma a ajin yaƙi da jahilci, ban sami ƙarya a ko ɗaya ba. Giya ya sha. Turke ya tsarkaka. Kowa ya faɗi gaskiya, ɗan tulu dai bai dawo ba.

Ni da kawu muka kai wa matarsa rago da filafili. Tana zaune a ƙofar ɗaki, an aske mata kai irin na al'adarsu. Ta sa aka ɗaure ragon. Da kawu ya miƙa mata filafili ba ta ɗaga hannu ba.

“Yanzu kak kawo shi, kawu?” ta ce, ba da faɗa ba. “Riƙe. Ai aikinka na.”

Ya dawo da shi. Gyaɗa ba ta sake zuwa ba.

Shekarar da ta biyo ni na ci rago. Duk wanda ya ce muku ƙarfina ne, ku yi masa godiya a madadina, amma kada ku ba shi ajiya. Kyangawa sun rage zuwa, waɗanda suka zo kuma tun hantsi hankalinsu yana tudun yashi. Gulbi ya ci gaba da karɓar rabonsa jefi-jefi, ba a ƙara yin mamaki ba. Kututturen giginya aka tsaga aka yi azara a rumfar dogarai. Kawu ya ci gaba da zama Sarkin Turke. Kowace ranar kokawa yakan fito da filafilin nan guda, ya jingina shi jikin tsamiya, ya zauna a gindinsa yana kallon jakuna. Dogarai sun gani, amma ba wanda ya iya cewa ya saki, tunda mai shi bai zo ya nema ba.

Da ciwon ajali ya kama shi, hankalinsa yakan tafi ya dawo. Wata safiya na shiga gaishe shi, ya nuna mini bayan ƙyaure, na ɗauko filafilin. Ya ɗora hannuna a kai ya danne da nasa, da wani ƙarfi da ban san ya rage masa ba.

“In yaz zo,” ya ce, “kak ka ba shi sai ya taka giginya.”

Na ce to, kawu. Yana nan a zaurena.